Dubu biyar ɗin da na ɓoye a littafin waƙoƙi

Ni dai sana'ata markaɗe, inji ɗaya gare ni a ƙofar gida nan Samaru, Zariya, mai shan fetur, irin wanda sai ka naɗa igiya ka ja da ƙarfi kafin ya yarda ya tashi. Waken masu ƙosai da alale, geron kunu, shinkafar waina, kayan miya, duk ina yi. Baban yara malami ne a wata makarantar kuɗi, albashin kam sai dai a ce an gode. Yaranmu uku.

A cikin ikilisiya aka haife ni, iyayena mutanen wajen Malumfashi ne, ina shekara 15 aka mun baftisma, yanzu kuma ina cikin zumuntar mata har ni ce mai buga tulu in ana waƙa. Da a ce ka tare ni a ƙarshen 2022 ka tambaye ni ko ina dogara ga Allah, ai dariya ma zan maka, in ce wace irin tambaya ce wannan. Amma gaskiyar magana abin da yake sa ni barci da daddare ba addu'a ba ce, wani gwangwanin madara ne a ƙarƙashin gado. Kullum in na rufe inji sai na jefa wani abu a ciki, in na tashi cikin dare da tunanin kuɗin makaranta ko haya sai in tuna gwangwanin nan na nan, shikenan sai in juya in ci gaba da barcina.

To sai ga maganar canjin kuɗi. Aka ce tsofaffin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya za su daina aiki ranar 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Na juye gwangwani tas na kai banki kaman kowa, har ina jin daɗi wai na yi wayo ban bari sun mutu a hannuna ba. Shiga ta yi sauƙi, fitowa ce ta gagara. Ka je layi tun asuba a ba ka lamba, rana ta take a ce kuɗi sun ƙare, wajen masu POS kuma sai ka bar musu dubu ɗaya kafin su ba ka biyar, in ma suna da shi kenan. Albashin baban yara ya shiga, muna ganinshi a waya, amma ba ya sayen ko magi.

Yanzu ku duba irin sana'ata. Markaɗen naira hamsin, naira ɗari, wa zai maka tiransifa? Yarinya ce za a aiko da roba a kai, ba waya ba komai. Wanda ma ya gwada, netwok ya riƙe, ka yini kana jiran alat. Kwana uku na farko na ce ba kuɗi ba markaɗe, na zauna a kan benci ina kallon inji yana kallona, mata suna komawa da jiƙaƙƙen wake, wanda duk mai sana'ar ƙosai ta san in ya wuce lokacinshi tsami zai yi. Rana ta huɗu baban yara ya ce ke, wannan zaman ba ya kawo komai, ki markaɗa musu ki rubuta. Na ce da wane mai? Ya ce gidan mai na karɓar kati in netwok ya yarda, shi zai je ya bi layin. Ban so ba ko kaɗan, amma na yagi takarda daga tsohon littafin yara na fara rubuta bashi.

A gidanmu muna sujada ƙarfe biyar na asuba, waƙa ɗaya, karatu, addu'a, kowa ya kama gabanshi. A kwanakin nan muna cikin littafin Fitowa, muka iso sura 16, wajen manna. Labarin da na sani tun makarantar Lahadi, Isra'ilawa a jeji suna gunaguni suna tuna tukwanen naman Masar, Allah ya sauko musu da abinci kowace safiya, aka ce kowa ya ɗebi na yini ɗaya kawai kada ya bar saura, wasu suka ƙi ji suka ajiye, da gari ya waye ya yi tsutsa yana wari. Autana ya ce Mama to me ya sa Allah bai ba su na wata guda ba su huta? Na ce mishi yi shiru ana karatu. Amma fa tambayar da ke cikina kenan, shi dai ya riga ni faɗa ne.

Abin da ya riƙa faruwa a makonnin nan ba zan kira shi abin al'ajibi ba, don ba na son ƙarin gishiri. Mai ƙosai ta ce ba ta da kuɗi amma ga ƙosai, yara suka karya da shi. Wata ta bar mun gwangwani biyu na gero a madadin kuɗin markaɗen sati. Mai kayan miya ya ce in riƙa ɗiba muna cirewa a cikin nashi. Kullum dai akwai abin da za a ɗora, ba mai yawa ba, kuma ba ya kaiwa gobe. Akwai ranar da gari muka jiƙa da ƙuli muka kwana, babbar 'yata ta yi fushi ta juya wa kowa baya. Ni kuma abin da ya fi damuna ba yunwa ba ce, rashin sanin na gobe ne, in kwanta ba abin da zan tuna a ƙarƙashin gado.

Sai wata ranar Laraba, ana saura kwana kaɗan zaɓen 25 ga Fabrairu, wata mata da za ta yi suna ta kawo markaɗe mai yawa ta biya ni da sababbin dubu ɗaya guda biyar. Sababbi fil, har suna manne da juna. Ban gaya wa kowa ba, ko baban yara. Na shiga ɗaki na rasa inda zan sa, gwangwani kowa ya san shi, sai na cusa su a tsakiyar tsohon littafin waƙoƙina wanda bangonshi ya cire, na mayar can ƙasan sauran littattafai. Ranar na yi barci mai daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Washegari da magariba maƙwabciyata ta shigo, musulma ce, katanga ɗaya ta raba mu, shekara shida tana kawo mun wake, in sallah ta zo namanmu daban, in Kirsimeti ya zo shinkafarsu daban. Ta ce Yaya, yaron nan jikinshi zafi kaman wuta tun rana, na je kemis ya ce tiransifa ba ta shiga sai kuɗi a hannu, ko kina da dubu biyu zuwa jibi? Babbar 'yata na tsaye tana wanke roba. Na buɗe baki na ce ayya, ko sisi ba ni da shi, kin san yadda garin yake. Har da cewa Allah ya ba shi lafiya. Ta ce amin, ba komai, ta fita.

Daren nan kuwa ta katanga nake jin kukan yaron, ya yi shiru ya sake. Ina ta ba kaina hujja, ai nawa yaran ma za su iya kwantawa, ai mai hankali ba ya rabar da na hannunshi a irin wannan lokaci, ai ba ni kaɗai ce maƙwabciyarta ba. Na yi ƙoƙarin addu'a bakina ya yi nauyi.

Da asuba aka shimfiɗa tabarma, ba wuta, sai tocilan waya. Littafin waƙoƙin da muke amfani da shi an bar shi a coci ranar zumunta, sai baban yara ya ce wa babbar ta ɗauko tsohon. Kafin in ce wani abu ta riga ta jawo shi, tana buɗewa kuɗin nan suka zubo a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya, a tsakiyar hasken tocila. Ba wanda ya yi magana. Yarinyar ta kalli kuɗin ta kalle ni, shekararta 13, ta ji abin da na faɗa jiya da kunnenta. Baban yara ya tattara su ya ajiye a gefen ƙafata ya ce mu yi waƙa. Su suka yi, ni ban iya ba. Wari nake ji, ba a hanci ba, amma na san ko menene, kwana nawa ma da muka karanta shi.

Ana gama addu'a na yafa zani na buga musu ƙofa. Ashe cikin dare mijinta ya kai wayarshi jingina wajen mai kemis an ba su magani, zazzaɓin ya fara sauka. Wato taimakona ma ya makara. Na miƙa mata dubu uku na ce a je a karɓo wayar, sannan na faɗi abin da ya fi ba da kuɗin wuya, na ce jiya ƙarya na miki, ina da su. Ta yi shiru tana jijjiga yaron a kafaɗa, can ta ce Yaya ai lokacin ne ya zo da haka, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da ta zage ni ma da ya fi mun sauƙi. Na dawo gida na zaunar da 'yata na ce abin da kika gani ba daidai ba ne, na roƙi Allah gafara na roƙi maman yaron, ke ma ki yafe mun. Ba a saba uwa ta faɗi haka ba a wajenmu, ita ma ta rasa inda za ta sa idonta.

Ranar zumunta ta gaba na ba da labarin, a taƙaice dai. Bayan an tashi wata tsohuwa cikin iyayenmu, gwauruwa ce tun ina yarinya, ta riƙe hannuna ta ce 'yata, ɓoye kuɗin bai dame ni ba kaman ɓoye yunwar, wata guda kina zuwa nan kina buga mana tulu kina murmushi, gidanki ana kwana da gari, ba ki faɗa wa kowa ba, mu nan ado ne? Wannan ta shige ni. Ashe rabin matan da ke wurin haka suke, kowa na rufa wa kanta asiri. Daga ranar muka fara zuwa da abin da ya samu, mai masara mudu ɗaya, mai manja kwalba, a haɗa a duba wa ya fi matsuwa a satin. Sau biyu ni aka ba, na karɓa da kunya amma na karɓa.

A farkon Maris kotun ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, a hankali suka fara dawowa, azumi ya kama wajen 23 ga wata, markaɗe ya buɗe sosai don ba gidan da ba a kunu da ƙosai da yamma. Na ɗauko takardar bashi. Da yawa sun biya, wasu har da godiya, wasu kuma sun canja hanya zuwa wani injin don kada mu haɗu, har yau akwai sunaye huɗu da ban soke ba kuma na daina sa rai. Ina faɗan wannan ne saboda masu wa'azin da ke yawo a waya suna cewa ka ba da ɗaya a mayar maka ɗari kafin sati. Ni ban ga haka ba. Dubu ukuna ba su haihu ba, maƙwabciyata ta mayar mun da su daidai yadda na ba ta, bashi huɗu kuma sun tafi.

Muna cewa an huta sai ga 29 ga Mayu, aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da ɗari biyu ko kusa da haka ta haura ɗari biyar cikin kwana biyu, zuwa Yuli ta wuce ɗari shida. Mai injin fetur ya san me wannan ke nufi. Tsohon tsoron ya taso mun gaba ɗaya, na fara lissafin Disamba tun a Yuni. Amma wannan karon na zauna da baban yara da biro, muka auna roba nawa lita ɗaya ke markaɗawa, kuɗin bel, kuɗin wasa haƙoran inji, na ƙara farashi na kuma gaya wa kowace mata dalili a fili. Dogara ga Allah bai hana ni lissafi ba, kuma ban fasa ajiya ba, ina cikin adashi yanzu haka, ko Karin Magana ma ta ce a je a koyi hikima wajen tururuwa. Gwangwanin na nan. Abin da ya canja shi ne baban yara ya san abin da ke ciki, in an buga ƙofa kuma ba na cewa babu alhali akwai, in ba zan iya ba sai in ce ba zan iya ba.

Ranar Lahadi ba na tayar da inji, da can ina rufewa ne ina ƙunƙuni ina ƙirga robobin da suka wuce zuwa layin baya, yanzu da sauƙi, ko da yake wani lokaci ina cikin sujada hankalina na kan jarkar mai. Wajen addu'ar Ubangiji in an zo kan abincin yini nakan ɗan tsaya, da ina wuce wurin da gudu ne.

Tsoron bai tafi duka ba. Ko makon jiya na farka ƙarfe biyu ina tunanin haya, na ce Ubangiji ka san dai halina, na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata, kaman uban yaron nan a Markus sura 9. Barcin bai dawo da wuri ba. Ƙarfe shida na fito na tarar da robar maƙwabciyata ita ce ta farko a layi, yaron nan da ya yi zazzaɓi ne ya kawo, ya yi wayo yanzu har yana so wai shi zai ja mun igiya.