Manoma biyu, lamba ɗaya

Wata Litinin bayan kaka, wani dattijo ya iso ofishinmu da ke Kawo tun ba mu gama kakkaɓe ƙurar tebura ba. Daga wajen Soba ya taso, ya biyo motar asuba ta Zariya. Ya zaro leda daga aljihun gaba, ya warware ta a hankali, ya fito da rasit ɗin da aka ba shi farkon damina, ya shimfiɗa a gabana ya danne gefensa da yatsa.

"Ɗana, duba mini nan. Buhu nawa aka rubuta?"

"Biyu ne, Baba."

"To, biyun na ɗauka. Yaronku ya tare ni a ƙofar masallaci, a gaban jama'a, wai shida ake bi na. Ni ban taɓa cin haƙƙin kowa ba."

Bai ɗaga murya ba, amma yatsan nan yana rawa. Na buɗe kwamfuta na nemo lambar da ke kan rasit, 214. Sunansa ne a sama, ƙauyensu ne, amma a gurbin taki an rubuta buhu shida. Nan take gabana ya faɗi, domin ni na rubuta ɓangaren manhajar da ke haɗa bayanan.

Aikinmu a lokacin shi ne manhajar wata ƙungiyar manoma da ke ba da taki bashi a biya da kaka. Wakilai na zagaya ƙauyuka da wayoyi suna rajista. Yawancin wuraren babu sabis, don haka manhajar kan adana komai a cikin waya, sai wakili ya shigo gari ya tura wa saba, wato babbar kwamfutar da ke tattara bayanan duka. Kowace waya kuwa ƙirgarta take yi: manomi na farko 1, na biyu 2, haka har gaba. Wayar da ta je Soba ta kai 214. Wayar da ta je Saminaka ita ma ta kai 214. Da suka iso saba, ta ga lamba ɗaya sau biyu, ta ɗauka gyara ake yi wa rajista ɗaya, ta riƙe sunan wannan ta ɗora masa buhunan wancan. Lokacin gwaji waya ɗaya muka yi amfani da ita, a cikin ofis, intanet na gudu, shi ya sa ba mu ga komai ba.

Na ba Baba haƙuri, shugaban ƙungiya ya rubuta masa takarda da hannunsa, aka biya masa kuɗin mota. Kunyar ƙofar masallaci kuwa babu abin da ya biya ta.

Gyaran da na fara yi na gangar Auzinawa ne. Na yanka wa kowace waya kasonta: wannan daga 1 zuwa 9,999, waccan daga 10,000. Aka sace waya ɗaya, aka sayo sabuwa, aka manta wane kaso ne nata. Wani wakili ya goge manhajar ya sake sauke ta, ƙirga ta koma farko. Kowace dabara na kawo, sai ta buƙaci wani mutum a Kaduna ya riƙe littafi yana tuna wa aka ba me.

Babban injiniyanmu ne ya zo ya tsaya a bayana yana kallon allon, can ya ce, "Malam, kana ta neman wanda zai raba lamba. Me zai hana kowace waya ta ƙirƙiri tata, ba tare da ta tambayi kowa ba?" Ya buga layi ɗaya, wannan ya fito:

3f2a8c14-9b7e-4d05-a6c1-52e0f7b39d48

Wannan ita ce UUID, wato lambar shaida da aka tsara don kada ta ci karo da wata a ko'ina. Lamba ce mai bit 128 (bit ɗaya gurbi ne da ke ɗaukar 0 ko 1), ana rubuta ta da alamomi 32 daga 0 zuwa 9 da a zuwa f, a rukuni biyar: takwas, huɗu, huɗu, huɗu, goma sha biyu, da 'yan layuka huɗu a tsakani, jimilla 36. Ba sabuwar aba ba ce. Kamfanin Apollo Computer na Amurka ne ya fara amfani da ita a shekarun 1980, Microsoft suka ɗauka suna kiranta GUID, sannan a 2005 aka fitar da ƙa'idarta a takardar RFC 4122. Alamar farko ta rukuni na uku ita ke faɗin sigar lambar. A wadda ke sama 4 ce, wato siga ta huɗu, wadda aka gina kan ƙuri'a zalla: bit shida an keɓe su don nuna siga da nau'i, sauran 122 canko su ake yi.

Zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce, "Oga, ƙirga ma ta ci karo, ina ga ƙuri'a?" Ya ce in zauna in yi lissafin da kaina. Bit 122 na ba da adadin da ya haura 5 mai sifili 36 a bayanta. Idan duniya ta haɗu tana fitar da biliyan ɗaya a kowane sakan, sai an shafe kimanin shekara 86 kafin yiwuwar a samu biyu iri ɗaya ta kai rabi. Mu kuwa manoman 'yan ƙananan hukumomi muke rubutawa. Ƙirga tana buƙatar mai ƙirga ɗaya da kowa zai koma wurinsa. Ƙuri'a mai faɗi haka ba ta buƙatar kowa, kuma abin da wakili a ƙauyen da babu sabis ke nema ke nan.

Amfanin da ya fi burge ni ban hango shi ba sai daga baya. Duk wanda ya taɓa tura abu da sabis mai zuwa yana ɗaukewa ya san yadda ake yi: ka danna, abu ya yi ta juyawa, ba ka san ya tafi ko bai tafi ba, ka sake dannawa. Sau da yawa saƙon ya isa, amsar ce ta maƙale a hanya. A tsohon tsarinmu na karɓar biya, dannawa uku na nufin layi uku, a rubuta wa mutum ya biya sau uku, akawu ya kwana yana neman kuɗin da ba su taɓa shigowa ba. Da farko na sa a riƙa ƙirƙirar UUID a lokacin da aka danna maɓallin turawa, matsalar ta ci gaba yadda take, domin kowace dannawa sabuwar lamba ce. Sai da na matsar da ita baya: da zarar wakili ya buɗe fom, a haifi lambar, a adana ta tare da fom ɗin a waya. Ko sau goma ya tura, lamba ɗaya ce ke zuwa. Saba ta duba ta ga ta riga ta karɓa, ta amsa masa cewa ya shiga, ba ta ƙara layi ba. Bambancin layi biyu ne a rubutun manhaja, amma shi ya raba mu da rigimar biya gaba ɗaya. Tun daga nan, duk tsarin da aka kawo mini in duba, tambayata ta farko ita ce a ina ake haihuwar lambar, kuma a wane lokaci.

Kada a ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. A manhajar sito, wadda muka rubuta da harshen Python da kayan aikinsa mai suna Django, na sa kowane rasit na fitar da kaya ya samu UUID da kansa. Abin da ya kamata in rubuta shi ne default=uuid.uuid4, wato in miƙa aikin don a kira shi duk lokacin da aka yi sabon rasit. Ni kuwa na rubuta default=uuid.uuid4(), da baka biyu a ƙarshe. Bakan nan na sa a kira aikin sau ɗaya tak, lokacin da manhajar ta tashi, a riƙe abin da ya fito a yi ta manna wa kowa. Wata ma'aikaciyar sito ce ta lura. Ta kira ni ta ce, "Yallaɓai, rasit ɗin safe duk lambarsu ɗaya, amma bayan an ɗauke wuta an kawo sai ta canza." Maganarta ce ta nuna mini wurin, domin ƙaramar kwamfutar siton na sake tashi duk lokacin da wuta ta dawo. Laifi na biyu ya fi na farko girma: ban ɗaure gurbin lambar rasit a rumbun bayanai da sharaɗin hana maimaici ba, saboda na sakankance UUID ba ta maimaituwa. Da na sa sharaɗin, rasit na biyu ma ba zai shiga ba, kuma a ranar farko za mu gane. Lissafin shekara 86 gaskiya ne, amma yana magana ne a kan lambar da aka ƙirƙira yadda ya dace, daga ingantaccen tushen ƙuri'a. Shi ya sa ba na yarda wani ya harhaɗa tasa da Math.random, wanda ƙuri'arsa ba ta da wannan ingancin, alhali akwai crypto.randomUUID a burauza, akwai gen_random_uuid a cikin rumbun bayanai na PostgreSQL tun fitowa ta 13.

Zancen sigogi ba ya buƙatar dogon bayani. Siga ta ɗaya tana haɗa lokaci da lambar katin sadarwar na'ura, kuma tana ƙirga lokacin ne daga 15 ga Oktoba 1582, ranar da aka fara aiki da kalandar miladiyya da muke bi yau. Tana tona wace na'ura ce ta yi ta da kuma yaushe, don haka muka bar ta. Siga ta huɗu ba ta tona komai, sai dai tana wahalar da fihirisar rumbun bayanai, wato jerin da rumbun ke bi ya nemo abu da sauri, domin kowace sabuwar lamba faɗawa take inda ta ga dama, kamar a ce akawu ya cusa kowane sabon fayil a tsakiyar durowa maimakon ƙarshenta. Idan teburin bayanan ya girma za ka ji nauyin, musamman a rumbun MySQL inda injin ajiyarsa InnoDB ke jera layukan kansu bisa babbar lambar tebur. A watan Mayun 2024 takardar RFC 9562 ta maye gurbin tsohuwar, ta zo da siga ta bakwai: bit 48 na farko lokaci ne, ƙirgar kashi ɗaya cikin dubu na sakan tun 1 ga Janairu 1970, sauran kuma, ban da bit shida na siga da nau'i, ƙuri'a. Sababbi na bin bayan tsofaffi, fihirisa ta huta. Ita nake zaɓa yanzu ga abin da saba ke ƙirƙira. Amma ban taɓa dogara da lokacin da ke cikinta ba idan daga waya ta fito, domin na sha ganin wayar wakili da agogonta ke nuna wata shekara dabam bayan batir ya mutu. Kuma in rumbun yana da nau'in uuid nasa, a yi amfani da shi. Baiti 16 ne, maimakon 36 da ake ɓatawa idan an adana ta a matsayin rubutu.

Darasin da ya fi ɗaukar mini lokaci ba na kwamfuta ba ne. Bayan mun daina haɗa mutum biyu a lamba ɗaya, sai muka wayi gari da kishiyar matsalar: mutum ɗaya da lamba biyu. An rubuta shi a gona ranar Talata, wani wakilin ya sake rubuta shi ranar kasuwa, kowace rajista da UUID ɗinta mai kyau, babu karo, babu ƙorafi daga saba. UUID rajista take bambantawa da rajista. Ba ta san fuskar kowa ba. Na so in magance abin da siga ta biyar, wadda ke sarrafa rubutu da wata dabarar lissafi mai suna SHA-1 ta ba da lamba ɗaya duk lokacin da aka ba ta rubutu ɗaya. Na ce a haɗa suna da sunan uba da ƙauye. Shugaban ƙungiya ya girgiza kai ya ce a unguwarsu kaɗai akwai mutum uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Ga kuma suna guda da wannan zai rubuta da "u", wancan da "o". Lambar waya ma ba ta fisshe mu ba, domin gida guda kan yi amfani da waya ɗaya. Lambar NIN mai alamomi 11 ta taimaka ga masu ita a hannu. Sauran kuwa sai muka gina shafi da ke jera rajistar da suka yi kama, a zauna da mai unguwa ko shugaban reshe ya ce wannan da wannan mutum ɗaya ne, wancan ɗan wansa ne. Idan an haɗe biyu ba ma share ko ɗaya. Tsohuwar lambar na nan tana nuni zuwa ga wadda aka riƙe, saboda akwai rasit a aljihun wani da ke ɗauke da ita.

Rasit ɗin ma sai da muka sake shi. Babu wanda zai karanta alamomi 36 ta waya, b da d suna rikicewa, katin kira yana ƙarewa. UUID ta koma ciki inda na'ura kaɗai ke ganinta. A takarda muka buga gajeriyar lamba mai alamomi shida, muka cire sifili da harafin O, muka cire 1 da I, kuma ba a nemo kowa da ita sai an haɗa da sunan ƙauye.

Damina ta zagayo, na bi wakilinmu zuwa Soba ranar rabon taki. Baba na zaune a kan tabarma a inuwar darbejiya, ya gane ni tun daga nesa. Bayan mun gaisa aka miƙa masa sabon rasit, ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini.

"Karanta mini, ɗana."

Na karanta sunansa, da sunan mahaifinsa, da ƙauye, da buhu uku. Ya sa jikansa ya sake karantawa. Sannan ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a ledar nan, ya mayar aljihun gaba.