Godiya bayan baje kolin tatsuniyoyin yaranmu

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Sai yau na samu kaina har na iya riƙe waya in yi rubutu, kusan sati guda rabona da barcin kirki, har yanzu busasshen gam ne a ƙarƙashin farcena. An yi taro an tashi lafiya, hotunan nan goma sha huɗu da na liƙa da ƙyallaye duk sun hau bango ranar 19 ga Yuni, ranar masu sikila ta duniya, kamar yadda na yi wa yaran nan masu sikila alƙawari tun lokacin da nake zama da su a layin ganin likita suna ba ni tatsuniya ina rubutawa.

Ana dab da taro iska ta lalata kwanon ɗakin aikina, ruwan sama ya shiga ya jiƙa hotunan. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne washegari da safe na yanke shawarar fasawa. Da ƙaro na liƙa yawancin aikin, shi kuwa ƙaro da ya ji ruwa narkewa yake, to sai ga ƙyallayen atamfa suna yawo a kan ruwa, shuɗin baba ya zuba a kan tsofaffin jaridun da na yi sararin sama da su, hoton Gizo da na fi wahala a kansa kuwa, ƙafafunsa takwas na tsinken tsintsiya duk sun zube saura biyu, 'yar rigar shaddar da na yanka masa ta naɗe kamar ganye. Wata shida ina wannan aikin. Na kira mahaifiyar yarinyar da ta ba ni wannan tatsuniyar in ba ta haƙuri, ashe suna asibiti an kwantar da ita, sanyin ruwan ya tayar mata da ciwon. Wanda ya taɓa jinyar mai sikila ya san abin da nake nufi, ƙwayoyin jinin su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya dinga kukan ƙashi kai kuma ba ka da abin yi sai shafawa da addu'a. Ina cikin magana sai na ji yarinyar ta karɓi wayar, muryar can ƙasa da ƙyar take fita, ta ce Anti ki sake liƙa shi mana, ai Gizo ko an kashe shi gobe yana dawowa a wata tatsuniyar. Yarinya 'yar shekara tara, da robar ƙarin ruwa a hannunta. Wallahi a tsugune nake cikin ruwan nan na yi kuka mai isata, sannan na tashi na nemo almakashi.

Na san ba a saba mace ta fito bainar jama'a tana yabon mijinta ba, amma yau kam sai na faɗa. Abban yara, kwana uku kana busar da kwali da fanka da dutsen guga, ka rufe shago ba ka ce min uffan ba, Allah ya biya ka da gidan Aljanna. Inna ma za ta yi faɗa in ta ji na ambace ta, ita ce ta zauna gaban murhu ta dama min sitacin rogo tukunya biyu da gam ya ƙare cikin dare, tana damawa tana gyara min waƙar Ƙoƙi da na manta. Telolin bakin layinmu da na wajen Kantin Kwari da suka tara min ƙyallaye buhu guda, atamfa da leshi da shadda, suka ƙi karɓar ko sisi, Allah ya buɗa muku kasuwa. Baba mai rini a Ƙofar Mata da ya tsoma min yadi ya ce in tafi kawai, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Malamina na Zariya da ya kira ni cikin daren nan ya tuna min da Henri Matisse na Faransa, wanda bayan aikin da aka yi masa a 1941 tsayuwa gaban allon zane ta gagare shi, ya koma yanka takardu masu launi da almakashi daga kan gado da keken guragu ana manna masa a bango, har ƙarshen rayuwarsa a 1954, Malam na gode, maganarka ta riƙe ni. Nas-nas ɗin da suka zo bayan sun tashi daga aikin dare, da iyayen yaran da suka yarda da ni, Allah ya ba 'ya'yanku lafiya mai ɗorewa, ya sassauta musu, ya sa wahalar nan ta zama kaffara, ya raya mana su mu ga aurensu.

Akwai dangin da na kai wa kati har gida da ƙafata, na ajiye musu kujeru a gaba, har aka tashi kujerun nan babu kowa. Na ji an ce wai yanke-yanken tsumma ne. Abin ya min ciwo ba zan ɓoye ba, amma na bar shi, Allah ya bar zumunci.

An sallami yarinyar nan mai tatsuniyar Gizo daga asibiti ana gobe taro. Babanta ne ya shigo da ita a kafaɗa, ya sauke ta gaban hoton, ta tsaya ta ƙirga ƙafafun Gizo ɗaya bayan ɗaya har takwas, sannan ta juyo ta ce ga ta nan ga ta nanku, ɗakin nan gaba ɗaya manya da yara aka amsa ta zo mu ji ta.

Hotunan suna nan a rataye har Asabar ga wanda bai samu zuwa ba. Masu almakashi da fankar da na aro, in sha Allahu gobe da yamma zan aiko muku da kayanku.