Ranar da yatsuna suka ci amanata

Ƙarshen watan nan zan bar shagon buga takardun da na shekara huɗu ina aiki a Katsina, kuma yaran da na koya wa aiki sun matsa in bar musu wani abu a rubuce kan gajerun hanyoyin kibod. Jerin maɓallan yana manne a bango tun bara. Abin da bai shiga takardar ba shi zan faɗa.

Duk wanda ya zauna kusa da ni ya san da wuya hannuna ya taɓa linzami. Ctrl+C, Ctrl+V, Alt+Tab, Ctrl+S, yatsun sun haddace, ko kallon kibod ba na yi. Maigida ma da wannan yake tallata ni ga kwastomomi: "Ku ba wancan, aljani ne." Ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Lokacin miƙa furojet ne, shago ya cika maƙil, sai ga wani ɗalibi ɗan Maraɗi da kwamfutarsa a hammata. Babi biyar, gobe da safe zai miƙa, so yake a daidaita masa rubutun kawai a buga. Na ce a kawo filash in kwafe aikin zuwa tawa. Maigida ya ɗago daga kan injin kwafi ya ce, "Kai dai ka cika iyayi. Yi masa a kan tasa, layi ya yi tsawo."

Kibod ɗin irin na Faransa ne, wanda ake kira AZERTY. Na lura A ba ta wurin da na saba, ta koma layin sama mazaunin Q, don haka na duba da ido na danna Ctrl+A, duk rubutun ya haskaka, wato an zaɓe shi gaba ɗaya, duk maɓallin da aka taɓa zai maye gurbinsa. Ina miƙa hannu zan canza salon haruffa, gefen tafina ya taɓa dogon maɓallin tazara. Shafi tamanin da wani abu suka koma fari fat.

Wannan ba komai ba ne, Ctrl+Z ɗaya, mai dawo da abin da aka goge, ya isa. To amma a wannan kibod ɗin ba A da Q kaɗai aka musanya ba, har da Z da W. Kusurwar ƙasa ta hagu da yatsana ya saba samun Z, W ce zaune a wurin, Ctrl+W kuwa rufe takarda yake yi. Wani ɗan akwati ya fito da tambaya cikin Faransanci, harshen da ban iya ba. Mai kwamfutar yana tsaye a kaina, tambaya ɗaya da ta wadatar. Girman kai ya hana, na buga Enter. Ashe tambayar ita ce ko a adana kafin a rufe, kuma Enter na nufin e. Word, manhajar da ake rubutun da ita, ya adana farar takarda a kan aikin wata shida, ya rufe. Da zarar an rufe fayil kuwa, Ctrl+Z ya manta da duk abin da ya gabata.

Yaron bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Malam, ina aikin nawa?"

Maigida kuwa a gaban kowa ya ce ai ya sha gaya mini in riƙa kwafe aiki kafin in taɓa. Na kalle shi, ya kalle ni. Na ce, "Haka ne, Yallaɓai." Ya zabtare rabin albashina na watan, wai tara, ko sisi kuma bai shiga aljihun ɗalibin ba. Laifin yatsa nawa ne, ban musa ba. Na filash ɗin dai na san mai shi.

Allah ya taimaka babi uku na farko suna cikin saƙon da ya taɓa tura wa malaminsa. Na huɗu da na biyar daga tsohon bugu na sake buga su, takardu duk jan biro, aka roƙa masa kwana biyu. Dare biyu ina shagon da fitilar caji, ban karɓi kuɗin kowa ba. Ya miƙa, ya kuma ci.

Tun ranar, kafin in taɓa aikin wani sai na danna F12 na adana kwafi da sabon suna, ko da gwamna ne ke jira a layi. Baƙon kibod sai na karanta layinsa na sama. Akwatin da ban fahimta ba, Esc nake danna masa, ba Enter ba.

Sauran ƙanana ne. Win+V (Win shi ne maɓalli mai tambarin Windows) yana tuna abubuwan da ka kwafa a baya in ka kunna shi, daga Windows 10 zuwa sama. Za ka tashi salla, Win+L ya kulle maka kwamfutar. In kwamfuta ta sandare, Ctrl+Shift+Esc, ka rufe manhajar da ta maƙale, kafin ka kai hannu ga soket. Mai buga Hausa a Word ya rubuta 0199 ya danna Alt+X ya ga ƙ, 0257 ya ga ɗ, 0253 ya ga ɓ. In harafin da ke manne kafin lambar a ne ko wani daga a zuwa f, fara lambar da U+, in ba haka ba Word zai haɗa su ya fito maka da shirme.

Wannan na ƙarshen ni na kawo shi shagon. Na ji Maigida jiya yana koya wa wani kwastoma, yana cewa shi ya gano.