Darussan da na koya a jinyar 'yan wasa: zafi yana riga rauni tafiya

A aikin jinyar 'yan wasa, ranar da yaro ya faɗi yana birgima a fili ba ta cika tayar mini da hankali ba. A ranar kowa yana jin magana, ka ce a kwanta a kwanta, ka ce a je hoto a tafi. Ranar da nake fargaba ita ce wadda zai shigo ɗakin gashi da fara'a, ya buga ƙafa a ƙasa ya ce, "Likita, wallahi na warke, ba na jin komai." Kuma ba ƙarya yake yi ba. Zafin ya tafi, raunin ne bai gama tafiya ba.

Idan tsoka ko jijiya ta yage, kwanakin farko na kumburi ne, jiki yana kwashe abin da ya lalace. Daga nan sai ya shiga saƙa sabon zare a wurin na tsawon makonni, amma zaren farko a cukurkuɗe yake, kamar ɗinkin da aka yi cikin sauri don kawai a rufe yaga. Sai an riƙa ɗora masa nauyi kaɗan-kaɗan yake miƙewa ya yi ƙwari, wannan kuwa aikin watanni ne, a wasu jijiyoyin har ya haura shekara. Zafi tun a tsakiyar hanya yake lafawa. Shi ya sa yagewar tsokar bayan cinya ta fi yawan dawowa a makonnin farko bayan an koma wasa.

Masu kallon ƙwallo ba su manta da Ronaldo na Brazil ba. Ya ji ciwo a jijiyar ƙoƙon gwiwa a Nuwamba 1999 yana Inter Milan, aka yi masa aiki. Ya dawo ranar 12 ga Afrilu 2000 a wasa da Lazio, bai yi minti goma a fili ba jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, ba tare da wani ya taɓa shi ba. Kakar da ta biyo baya ko wasa ɗaya bai buga ba. Da aka bi abin a sannu, shi ne ya ci ƙwallo 8 a gasar cin kofin duniya ta 2002. Ina yawan ba yara wannan labari, sai dai na lura ƙwallaye takwas ɗin suke riƙewa, zaman jiran ba ya shiga kunnensu.

Akwai alƙaluman da suka fi labari ƙarfi. Wani bincike da aka wallafa a 2016, na haɗin gwiwar masana a Oslo da Delaware, ya bi waɗanda aka yi wa aikin jijiyar tsakiyar gwiwa, ya gano cewa kowane wata guda da aka ƙara kafin komawa wasa, har zuwa wata 9, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi. Virgil van Dijk da tasa ta tsinke a Oktoba 2020, da duk gatan da yake da shi a Liverpool, sai da ya kwashe kusan wata 9 kafin ya sake taka leda.

Don haka na daina ba da rana. Idan koci ya tambaye ni yaushe yaronsa zai dawo, sharaɗi nake ba shi, kuma tun a makon farko, kafin babban wasa ya matso kowa ya fara ganin ƙafar lafiya lau. Ƙarfin ƙafar da ta ji ciwo ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na ɗaya ƙafar, ya yi tsalle da ƙafa ɗaya ya dira gwiwa ba ta karkata ciki ba, ya yi gudu iya ƙarfinsa ya juya, washegari kuma babu kumburi. Koci yana iya musu da ra'ayina, amma da wuya ya yi musu da abin da ya gani da idonsa.

Wannan ba yana nufin a kwanta ba ne, kuma a nan mutane da yawa suke yi mini mummunar fahimta. Tsarin nan da kowa ya haddace, wato hutu, ƙanƙara, ɗauri da ɗaga ƙafa, wani likita a Amurka mai suna Gabe Mirkin ne ya yi masa suna a 1978. A 2014 shi da kansa ya fito ya ce yawan ƙanƙara da cikakken hutu suna iya jinkirta warkewa, domin kumburin da ake yaƙa yana cikin aikin gyaran. Har gobe ina sa ƙanƙara don rage raɗaɗi, na ɗan lokaci kuma a cikin tsumma, amma bayan kwana biyu ko uku so nake gaɓar ta fara motsi gwargwadon abin da za ta iya ɗauka.

Targaɗen idon sawu shi ne wanda aka fi rainawa. Abin farko shi ne a tabbatar ba karaya ba ce. Ƙa'idar da likitoci a Ottawa ta Kanada suka fitar a 1992 tana da sauƙi: in mutum ya kasa taku huɗu, ko ya ji zafi sosai da aka danna kan ƙashin idon sawun ko ƙashin gefen ƙafa, a je hoto. In ba karaya, kumburi zai sabe, ya ce ya warke. Sai in ce ya tsaya da ƙafar ita kaɗai ya rufe ido. Nan take za ka ga yatsun suna damƙar ƙasa, idon sawun yana rawa, hannaye suna neman bango, alhali a ɗaya ƙafar yana tsayawa cak. Jijiyar da ta yage ita ce ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa take, kuma sai an sake horar da wannan, in ba haka ba targaɗen zai yi ta maimaituwa.

Rigakafi kuwa an san shi, yin sa ne wuya. Akwai atisayen da ake durƙusawa, abokin wasa ya danne dugadugai, mutum ya riƙa zubewa gaba a hankali yana tare kansa da tsokar bayan cinya har sai ta gaza ya tokare da hannu. Nazarin da ya tattara bincike da dama a 2019 ya nuna yana rage yagewar wannan tsoka da kusan rabi. Haka shirin ɗumama jiki na FIFA 11+, na minti 20, wanda gwajin da aka yi kan 'yan mata masu ƙwallo a Norway a 2008 ya nuna ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk ba sa bukatar na'ura. Amma atisayen cinyar yana sa tsami a makon farko, yara su yi ta ƙorafi, koci ya ga lokacin taɓa ƙwallo yana raguwa, a hankali a watsar. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce a fara da kaɗan tun kafin kaka ta buɗe, kuma kyaftin ya jagoranta, ba ni ba.

Wuri ɗaya ne ba na sauraron kowa: buguwar kai. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya bugu a kai, ya ci gaba da wasa kusan kwata na awa, har ya tambayi alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta girgiza ba shi ne zai faɗa maka lafiyarsa ba. In na ga jiri, ruɗewa ko tangaɗi, yaro ya fita ke nan, ba ya komawa a ranar, kuma likita zai duba shi kafin ya sake ko da gudun sassarfa.