Allo ɗaya, masu rubutu biyu

Akwatin ƙarfe ne irin na lefen mutanen da, tun ina yaro nake ganinsa ƙarƙashin gadon Kawu a gidanmu na Ƙofar Marusa. Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, da aka zo rabon tarkace kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi, ni kuma da aka sani da kwance-kwancen rediyo aka turo mini akwatin. A ciki akwai tsohuwar kwamfuta Commodore 64, da na'urar kaset ɗinta, da littafinta wanda gara ta ɗan taɓa gefensa. Daga Ingila ya zo da ita lokacin da aka tura shi kwas. Kamfanin Commodore na Amurka ne ya fito da ita a 1982, kuma 64 ɗin nan yawan ƙwaƙwalwarta ne, kilobayit 64. Hoto ɗaya na wayarka ya ninka wannan sau da yawa.

Ban yi gangancin jona ta da tsohuwar adaftarta ba. An san waɗannan adaftocin da hali guda: idan sun tsufa, wutar bolt 5 da suke bayarwa takan haura ta ƙona ƙwaƙwalwar injin. Na haɗa wata, na share ƙurar shekaru da burushi, na jona da ƙaramar talabijin. Shuɗin allo ya fito, ya ce akwai bayit 38911 da ba a taɓa ba, ya rubuta READY. Sai da na ɗan zauna shiru.

Ɗan yayata, mai shekara 13, shi ya fi ni kamuwa. Na koya masa PRINT da GOTO da FOR na BASIC, harshen da ake ba injin umarni da shi, cikin mako biyu ya fara rubuta wasan canki-canka na lambobi. Matsalar ita ce idan ya zauna bayan la'asar, ba ya sanin rana ta faɗi. Hajiya ta leƙo wata rana ta ce, "Kai ka kawo wa maigidan nawa kishiya, yanzu ko kiran salla ba ya ji." Daga nan tunanin ya zo: in yanki layi uku na saman allon su zama nawa, agogo da saƙo su zauna a wurin, sauran layi 22 su zama nasa, ya yi ta rubutunsa. Na ɗauka aikin yamma ɗaya ne. Ya ci mini wajen wata biyu.

Allon wannan injin ba wani abin ɓoye ba ne. Layi 25 ne, kowanne da gurbin harafi 40, gurbi 1000 ke nan, kuma suna jere a ƙwaƙwalwa daga adireshi 1024 zuwa 2023. Ka rubuta POKE 1024,1 sai harafin A ya bayyana a kusurwar sama ta hagu. Babu mai gadi, babu mai neman izini. Abin da ya sa ta yi daɗin koyo ke nan, shi ne kuma ya wahalar da ni, don injin bai san wani abu wai shi rabon allo ba. Ƙanwarta Commodore 128 da ta fito a 1985 tana da umarnin WINDOW, wannan kuwa ba ta da shi. A wurinta allon duka na mutum ɗaya ne.

Dabarar farko mai sauƙi ce. Sau 60 a kowace daƙiƙa injin yakan dakatar da abin da yake yi, ya duba madannai, ya ƙara agogonsa, sannan ya koma. Ni katsalandan nake kiran wannan. Adireshin inda yake zuwa idan lokacin ya yi yana ajiye a 788 da 789, kuma ana iya canza shi. Na rubuta ɗan gajeren shiri da harshen inji, na ajiye shi a 49152 inda akwai fili na bayit 4096 da BASIC ba ya taɓawa, na karkatar da katsalandan ɗin ya riƙa biyowa ta wurina. Duk zuwansa sai in sake rubuta layukana uku.

Ya yi aiki, amma irin aikin da ake jin kunyar nunawa. Idan rubutun yaron ya kai ƙasa allon ya gungura sama, layinsa yakan faɗo cikin nawa, ya yi walƙiya kafin in share shi. Abin da ya fi wannan, injin daga kan allon yake karanta umarni. Ranar da yaron ya hau sama bisa kuskure ya danna RETURN a kan layin agogo, sai BASIC ya ɗauki "KARFE 5:10" a matsayin umarni, ya mayar masa da SYNTAX ERROR. Ya juyo ya ce, "Kawu, agogonka yana yi mini shisshigi." Gaskiyarsa. Almajirai biyu ne a kan allo ɗaya, ɗaya na rubutu ɗaya na wankewa.

Sai na koma wa aisin hoto, wato ɗan guntun na'urar da ke zana hoto a talabijin, wanda ake kira VIC-II. Shi ba dole ne ya karanta daga 1024 ba, inda adireshi 53272 ya nuna masa nan yake dubawa. Kuma ba a lokaci ɗaya yake zana hoton ba, zare-zare yake sauko da shi daga sama kamar masaƙi: zare 312 a injin Turai irin namu, sau 50 a daƙiƙa. Kana iya ce masa, ta adireshi 53266, idan ka iso zare kaza ka taɓo ni. To ga mafita: alluna biyu a ƙwaƙwalwa. Nawa a 13312, na yaron a 1024. Kafin zanen ya fara daga sama in sa 222 a 53272, sai VIC ya karanta nawa. Ya gama layi uku in mayar da 30, sai ya ci gaba da na yaron. Ido yana ganin allo ɗaya, alhali biyu ne aka ɗinke.

Kuɗin wannan dabara ba kaɗan ba ne. VIC kilobayit 16 kawai yake iya hangowa a lokaci guda, don haka dole allona ya zauna a tsakiyar filin BASIC, na kuma ja masa iyaka da POKE 56,52. Bayit 38911 suka koma 11263. Yaron bai taɓa cika ko rabin wannan ba, shi ya sa ban damu ba.

A nan ne na yi kwana huɗu ina zargin talabijin. Rubutu yana farawa a zare na 51, kowane layi zare 8 ne, ke nan layi na huɗu yana farawa a zare na 75. Lissafi ya fita, na sa 75. Sai ga layi na huɗu cike da shirme, alamomi barkatai, layin yaron kuma ya ɓace. Na sake lissafin ya fi sau goma, daidai yake. Abin da ban sani ba shi ne VIC ba ya karanta haruffa a kowane zare. Sau ɗaya yake kwasar haruffa 40 na layi, a zaren farko na layin, kuma don ya yi hakan sai ya ƙwace hanya daga hannun babban aisin, 6510, na tsawon bugun zuciyar injin 40 ko ɗan fiye, cikin bugu 63 da ke zare guda. Shi kuma katsalandan kafin ya iso wurin shirina ya riga ya cinye fiye da rabin zare. Wato lokacin da nake cewa "koma allon yaro", VIC ya riga ya kwashi kayansa ya wuce. Na zo tasha bayan mota ta tashi.

Da na gane haka sai abin ya zama wasa. Tunda ya kwashi layi na uku tun a zare na 67, ba zai sake waiwayar allo ba sai 75. Duk abin da ke tsakani fili ne. Na sa 70, hoto ya tsaya cak, ko rawa babu. Na so in canza launin bangon sashena ma, amma shi launi nan take yake sauyawa a tsakiyar zare, sai mahaɗar ta riƙa karkarwa. Na bar shi, na yi amfani da haruffa masu juyayyen launi. Kada garin neman gira a rasa ido.

Abu ɗaya ne ya ƙi rabuwa. Launin kowane harafi yana wata ƙwaƙwalwa daban da ke farawa a 55296, ita kuma guda ɗaya ce tal, ba a kawar da ita ko'ina. Kamar gidan haya ne, kowa da ɗakinsa amma rijiya ɗaya. Idan allon yaron ya gungura sai ya ja launukansa zuwa cikin layukana. Dole kowane zagaye in sake shafa launi a gurbi 120. Har yau idan ya cika rubutu kala-kala ana ɗan ganin ƙyalli a wurin. Sai kuma layukansa uku na sama da suka koma bayan labule: idan ya share allo, ɗigon nan mai ƙiftawa yakan shige can ya ɓace. Na sa shirin ya riƙa duba 214, inda lambar layin da ɗigon yake take, in ya ga ya haura sai ya cusa madannin "sauka" a jerin madannai da ke 631, kamar yaron ne ya danna da kansa.

Tunda na riga na yanki fili, na kwafo siffofin haruffa zuwa 14336 don in yi abin da Kawu bai samu ba. Kowane harafi ɗigo 8 ne a tsaye 8 a kwance, bayit 8. Na zauna da takardar lissafi mai gida-gida ina zana Ƙ da Ɗ da Ɓ. Ƙ ta zo da sauƙi, lanƙwasa ce a hannun dama. Ɗ da Ɓ sai da na matse cikinsu na tura su gefe kafin ƙugiyar ta samu wuri. Madannin fam na Ingila shi na mayar Ƙ, don ban ga ranar da za mu buƙace shi a Katsina ba.

A kan laftof na riƙa gwaji da VICE, manhajar da ke kwaikwayon injin, sannan na kwafe lambobin da hannu cikin layukan DATA, yaron yana karanto mini. Muka adana a wani tsohon kaset na biki da Hajiya ta ba mu, ta ce auren ma ya daɗe da mutuwa.

Ranar da muka ƙaddamar, na saita agogo ƙarfe 4 daidai na fita. Na dawo daga masallaci bayan magariba na tarar da shi zaune. Kafin in buɗe baki ya nuna allon: "Kawu, duba, shida da minti biyar." Wayata tana cewa shida da rabi. Laifina ne. Agogon injin yana ƙirga 60 ne ya ce daƙiƙa ta cika, ni kuma da na mayar da katsalandan kan zaren hoto, sau 50 kawai nake taɓa shi. Kowace awa yana zubar da minti 10. Awa biyu da rabi, minti 25. Abin da na gina don yaro ya daina makara shi ya makarar da shi, har da hujja.

Akwai wani agogon a cikin aisin 6526, na gwada shi. Shi da bugun wutar lantarki yake ƙirga, 50 a daƙiƙa. Da wutar gari ba laifi, amma da an ɗauke an tayar da ƙaramin janareta sai ya bi numfashin janaretan, a kunna firji ya ja baya, a kashe ya ruga. Na koma na farko: kowane zagaye na biyar sai in ƙara wa agogon taɓi ɗaya, 50 da 10 sun zama 60. Ko hakan bai cika daidai ba, don zanen hoton ya ɗan haura 50 da kaɗan, sai agogon ya riƙa gaba da kamar daƙiƙa 9 a awa. Wannan na bar shi da gangan. Hajiya ta ce gara haka.

Idan aka danna RUN/STOP da RESTORE komai yakan rushe, sai an sake tayar da shirina da umarnin SYS 49152, kuma lokacin loda kaset allon duka yake ɗaukewa. Na san yadda zan gyara na farkon, ban dai zauna ba.

Makon jiya na rubuta masa a layina na biyu, "A TASHI ƘARFE 6:15". Da na leƙo wajen shida da kwata sai na ga saƙon ya canza. Ashe tun ranar da yake karanto mini lambobin DATA ya riƙe 13312, ya lissafa cewa layi na biyu yana farawa a 13352, ya rubuta ɗan shirinsa na POKE mai layi huɗu. A saman allon, cikin sashen da na ce nawa ne, an rubuta: "KAWU A ƘARA MINTI BIYAR". Har da ƙugiyar Ƙ ɗin.