Daren da maɓallan kibod ɗina na kiɗa suka fara aiki

Shekara biyu nake haɗa kiɗa a ɗan ɗakina da ke unguwar Nima a Accra, kuma a duk tsawon lokacin maɓallan murɗawa guda takwas na saman kibod ɗina ƙura kawai suke sha, domin da linzamin kwamfuta nake jan kowane saiti a FL Studio, manhajar da nake haɗa kiɗa da ita. Daren jiya bayan sallar isha'i na zauna na ɗaura kowannensu da abin da nake so ya sarrafa a cikin fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ɗorawa a cikin FL Studio don samar da sauti ko gyara shi.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne, maɓallin ba ya aika sauti ko kaɗan. Lamba yake aikawa, daga 0 zuwa 127, bisa tsarin MIDI, wato hanyar da kayan kiɗa da kwamfuta suke aika wa juna saƙo, da ya fito tun 1983, kuma kowane saƙo yana da wata lambar da ke nuna abin da yake sarrafawa: 1 ta ɗan gargaren girgiza sauti ce, 7 ta ƙarfin murya, 64 ta fedar riƙe sauti. Na ba matatar sauti, mai tace wani ɓangaren sauti, maɓalli na farko, na ba amsa-kuwwa na biyu.

Inda na sha wuya shi ne sauya fulogin, saboda maɓalli yana tsaye a wuri ɗaya yayin da saitin yake wani wurin, da an taɓa shi sai sauti ya yi tsalle. Maganinsa shi ne kunna tsarin da ke sa saitin ya jira har maɓallin ya iso inda yake kafin ya bi shi. A ganina, ya kamata masu koyarwa su fara da wannan. Yanzu hannun dama yana kiɗa, na hagu yana buɗe matata a hankali.