Alewar Corn Flakes da ƙananan hannaye a kicin

Dalilin da ya sa na fara shigar da yarana kicin da hatsin karin kumallo na kwali shi ne babu ɗanyen ƙwai a haɗin, babu ɗanyen fulawa. Duk wadda ta taɓa kwaɓa kek da yaro ɗan shekara 3 ta san rabin lokacin a "cire hannunka daga baki" yake tafiya. A nan kuwa hatsin ya riga ya gasu tun daga kamfani, abin da za a haɗa shi da shi ma duk abin ci ne, don haka in yaro ya lashi cokali sai dai a ba shi wani.

Yarana biyu ne, babbar tana da shekara 6, ƙaninta 3. Alewa iri uku muke yi da hatsin, kuma ba su zo ɗaya ba wajen sauƙi.

Na cakulan shi ne na masu koyo. Giram 100 na cakulan, giram 50 na bota, babban cokali 3 na zuma ko ruwan sukari mai kauri, sai giram 100 na Corn Flakes. Ba na ɗora cakulan kai tsaye a wuta, don nan da nan yake ƙauri. Ina zuba ruwa kaɗan a tukunya, in ya yi zafi in ɗora kwano a bakinta yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba, tururin ne zai narkar da shi. Abin da ake kiyayewa shi ne ɗigon ruwa. Ɗigo kaɗan in ya faɗa cikin narkakken cakulan sai sukarin da ke ciki ya dunƙule, abin ya koma cuku-cuku, ya ƙi juyuwa. Shi ya sa bayan wanke hannu nake tsayawa a kan kowa sai ya goge shi sosai, cokulan ma busassu nake miƙa musu. Da an sauke, ƙaramin ne ke zuba hatsin, yayarsa ta juya, sannan kowa ya ɗauki cokalinsa ya cika takardun kek. Awa ɗaya a firji ya wadatar. Daɗin wannan shi ne cakulan ba ya saurin daskarewa, yaro zai iya ɓata lokacinsa yadda ya so, ya zuba, ya kwashe, ya sake zubawa, ba abin da zai lalace.

Na biyun ne ya fi koya mini abubuwa, wato wanda ake yi da Rice Krispies, hatsin kwali na gasasshiyar shinkafa, da mashmalo, alewar nan fara mai laushi kamar auduga. Tsohon haɗi ne. Ma'aikatan kamfanin Kellogg biyu a Amurka, Mildred Day da Malitta Jensen, su suka fito da shi a 1939, kuma ma'auninsa sananne ne: babban cokali 3 na bota, kusan giram 280 na mashmalo, kofi 6 na hatsin. A rubuce ya fi kowanne sauƙi. A aikace kuwa tsere ne da lokaci, domin daga sauke tukunya zuwa lokacin da haɗin zai fara sandarewa 'yan mintoci ne, yaro kuma bai san gaggawa ba. A daidai wannan gaɓar ce zai tuna yana jin ƙishirwa, ko ya ce sai da jan cokali zai juya.

Don haka na raba aikin gida biyu. Duk abin da ba ya buƙatar wuta a gabansa ake gamawa, kuma nasu ne kacokan: auna hatsi kofi-kofi a babbar roba, shafa bota a tire, shimfiɗa takarda, zaɓen cokali da duk rigimar da ke tattare da shi. Sai komai ya zauna a mazauninsa nake kunna wuta, su kuma su koma can gefe kan kujera suna leƙe. Narkakken sukari ba kamar ruwan zafi ba ne, in ya taɓa fata mannewa yake yana ci gaba da ƙuna, saboda haka a wannan ba na sassauci ko da kuka. Kuma tukunyar ce ke zuwa wurin robar, ni nake juye haɗin a kan hatsin in yi juyin farko, sannan in miƙa muciya.

Wutar ma ƙasa-ƙasa ake so. Na lura duk ranar da mashmalon ya daɗe yana tafasa, alewar takan fito da tauri har haƙorin yaro ya kasa gutsura, saboda ruwan da ke cikin sukarin ya ƙone. Yanzu ina saukewa tun da sauran 'yan gutsattsari ba su gama narkewa ba, zafin tukunyar ya ƙarasa su. Ɗayan abin da ke kawo tauri hannun yara ne. In ka ce wa yaro "danna", da iya ƙarfinsa zai danna, ya murƙushe hatsin, iskar da ke tsakani ta fita. Babbar tawa da ta gane sai ta zama mai tsaro, ka ji tana cewa ƙaninta, "Kai, a hankali, Mama ta ce shafawa ake yi." Ina shafa musu bota kaɗan a tafin hannu kafin su fara, in ba haka ba rabin alewar a yatsunsu zai ƙare.

Abu biyu game da mashmalon kansa. Yawancinsa da jelatin ake yi, wani sinadari mai sa abu ya yi danƙo, kuma sau da yawa daga alade ake samo shi, don haka wanda ba ya ci ya karanta bayan leda, akwai waɗanda ake yi da na kifi ko na shanu ko na tsirrai. Sannan ba na ba ƙaramin yaron ɗanyensa guda-guda, yana iya maƙalewa a maƙogwaron yaro saboda laushinsa da danƙonsa. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba, ko an dafa ta, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a ciki wadda hanjinsa bai kai ga iya yaƙarta ba.

Na ukun shi ne kawai ke shiga obin. Giram 90 na bota, sulusin kofi na sukari, babban cokali 1 na zuma, a narkar har ya fara kumfa, a juye kan kofi 4 na Corn Flakes, a zuba a takardun kek, a gasa minti 10 a zafin digiri 150. Idan aka fito da su za a gan su da laushi, kamar ba su yi ba, sai sun huce suke ƙaras-ƙaras. Ni shi na fi so, yaran kuwa sun fi ƙinsa, don jiran ya yi musu yawa kuma ba abin da za su taɓa. Da obin na kunne, in akwai hatsin da ya sha iska nakan baza shi a tire ya yi 'yan mintoci a ciki, sai ya farfaɗo.

Kada kowa ya sa ran kyan gani. Na ƙaramin kullum wani tulin ne a takarda ɗaya, wata kuma ƙwaya huɗu. Na daina gyara musu, domin da zarar na sa hannu na daidaita sai ya ce ba nasa ba ne, ya ƙi ci. Wanda ya fito daga hannunsa kuwa, ko a karkace yake, shi zai riƙe ya tare babansa da shi a bakin ƙofa: "Baba, ni na yi."

Sunansa dai hatsin karin kumallo, amma da ya haɗu da bota da sukari ya zama alewa, kuma a matsayin alewa nake raba shi, ɗaya ko biyu bayan an ci abinci. Sauran ya shiga mazubi mai murfi da ke rufuwa ruf, don hatsin na zuƙar damshin iska ya saki. Na cakulan yana zama a firji in ana zafi. Na mashmalo kuwa firji taurara shi yake, a waje ake barinsa, kuma cikin kwana biyu ya fi daɗi. Tukunyar da ta yi danƙo ba sai an kankare ta ba, a cika ta da ruwan zafi a bar ta, sukarin zai narke da kansa.